Betnovate Mai Maiƙo da Betnovate Kirim: Magani Ɗaya, Amma Shigarsa Fata Ta Bambanta

Duk wanda likita ya taɓa rubuta wa Betnovate saboda kirci ko wata cutar fata mai ƙaiƙayi da kumburi, da wuya bai gamu da tambayar da masu kemis kan yi ba, cewa mai maiƙo yake so ko kirim. Mafi yawan mutane sukan ce a ba su kowanne, domin abin da aka rubuta a jikin kwalayen biyu iri ɗaya ne: betamethasone valerate, kashi 0.1 cikin ɗari, wato miligiram 1 na maganin a cikin kowane giram 1 na abin shafawar. Na yi amfani da duka biyun bisa umarnin likitan fata, saboda kircin da ke taso mini a bayan hannu da ƙwauri duk lokacin da hunturu ya kankama, kuma ra'ayina shi ne wannan amsa ta "kowanne" tana jawo wa mutane asarar kuɗi, wani lokaci ma har da lahani. Mai maiƙon, wanda aka rubuta Ointment a kwalinsa, ya fi kirim ƙarfi a aikace, kuma wannan fifiko bai fito daga maganin kansa ba, ya fito ne daga mahaɗin da aka kwaɓa shi a ciki.

Kamfanin Glaxo na Ingila ne ya fito da Betnovate a shekarar 1963, shekara 11 bayan likitocin fata Sulzberger da Witten sun nuna a Amurka, a 1952, cewa shafa hydrocortisone yana kwantar da kumburin fata. Betnovate da hydrocortisone duka daga dangin sitiroyid suke, wato magunguna masu kwantar da kumburi, kuma a tsarin da likitocin Ingila ke bi, wanda ya kasa waɗannan magunguna gida 4, Betnovate yana gida na 3, na masu ƙarfi, gida ɗaya kacal ke samansa. Saboda haka ba man gyaran jiki ba ne, magani ne da ya kamata a riƙe shi da ladabi.

Abin da ke cikin mai maiƙon bai da yawa. Ban da maganin, farafin ne iri biyu kawai: fari mai taushi, wanda shi ne basilin da muka sani amma wanda aka tace sosai, da kuma mai ruwa-ruwa. Babu ruwa a cikinsa ko kaɗan, kuma tun da ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa inda babu ruwa, ba a buƙatar zuba masa sinadarin hana lalacewa. Kirim kuwa gauraye ne na mai da ruwa, don haka dole a sa masa abin da zai riƙe su kada su rabu, irin su cetomacrogol da cetostearyl alcohol, a kuma ƙara chlorocresol don kada ya lalace. Waɗannan ƙarin sinadarai ba su da illa ga yawancin mutane, amma akwai masu fatar da ba ta jure su, kuma a kan fatar da ta tsage, kirim yakan yi raɗaɗi na ɗan lokaci, abin da ban taɓa ji da mai maiƙon ba. Wannan shi ne abu na farko da ya sa na fi yarda da shi a tsakiyar sanyi, lokacin da gaɓoɓin yatsu ke tsattsagewa.

Domin a fahimci babban bambancin, sai an san abin da maganin ke fuskanta idan ya sauka a jiki. Saman fatar mutum akwai wani siririn rufi na matattun ƙwayoyin halitta, wanda kaurinsa a mafi yawan sassan jiki bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na milimita ɗaya ba, amma shi ne katangar da ke hana ruwan jiki fita, ya kuma hana abin waje shiga. Tsarinsa kamar ginin tubali ne: ƙwayoyin su ne tubalan, wani irin kitse kuma shi ne lakar da ke tsakaninsu, kuma ta cikin wannan laka mai lanƙwashe-lanƙwashe mafi yawan magungunan shafawa suke bi kafin su kai ga fata mai rai. Shi ya sa maganin da zai ratsa sai ya kasance ƙanƙane kuma mai ɗan son mai. Wannan ne ma dalilin da ya sa aka liƙa wa betamethasone wani ɗan guntun sinadari mai suna valerate, domin ya ƙara masa son mai, ya sauƙaƙa masa ratsawa, kuma betamethasone da ba a yi wa wannan gyara ba ba ya taɓuka abin kirki idan an shafa shi.

A nan ne mai maiƙon ke nuna fifikonsa. Idan aka shafa farafin, yakan kwanta a saman fata ya toshe hanyar da ruwan jiki ke bi ya tsere zuwa iska, sai ruwan ya taru a cikin wancan rufi na sama, ƙwayoyinsa su jiƙa su kumbura, hanyoyin da ke tsakaninsu su yi laushi, magani ya samu shiga fiye da yadda zai shiga busasshiyar fata. Kirim ba ya yin haka sosai, domin da zarar an shafa shi ruwan da ke cikinsa yakan bi iska, ya bar siririn mai da bai isa ya rufe fata ruf ba. Ga wanda ke zaune a Kano ko Katsina ko Damagaram a watan Janairu, lokacin da iskar hunturu ke tsotse danshi daga komai, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Abin da na lura da shi a jikina shi ne, wurin da na shafa wa kirim da safe yakan koma fari fat da garje kafin azahar, amma wurin da ya kwana da mai maiƙon yakan wayi gari da taushi, ƙaiƙayin dare ya ragu sosai, kaurin da susa ta haifar kuma ya riƙa sauka a hankali.

Wannan bambanci an auna shi, ba zato ba ne. A 1962 masu bincike McKenzie da Stoughton suka fito da wata hanyar gwaji mai sauƙi: ana shafa sitiroyid a hannun mutum mai lafiya, a jira wasu sa'o'i, sannan a duba yadda wurin ya koɗe saboda tsukewar ƙananan jijiyoyin jini, kuma gwargwadon koɗewar, gwargwadon yawan maganin da ya ratsa. Da wannan gwaji aka gina tsarin Amurka mai matakai 7, inda mataki na 1 ya fi kowanne ƙarfi. A wannan tsari betamethasone valerate mai maiƙo yana mataki na 3, kirim ɗinsa kuwa yana mataki na 5, alhali yawan maganin da ke cikinsu ɗaya ne. Akwai ma misalin da ya fi wannan fitowa fili a wurin ɗan'uwansa betamethasone dipropionate mai kashi 0.05 cikin ɗari: wanda aka kwaɓa a farafin zalla yana mataki na 2, amma da aka ƙara wa mahaɗin propylene glycol, wanda ke narkar da maganin ya kuma taimaka masa ratsa fata, sai ya hau mataki na 1. Masu maganin gargajiya a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa garin magani ba ya aiki shi kaɗai, shi ya sa suke cewa a kwaɓa wannan da man shanu, wancan da man kaɗanya, wani kuma da ruwa, kuma a wannan gaɓa binciken zamani ya gaskata su, ko da yake ya zo da ma'aunin da su ba su da shi.

Kafin magani ya shiga fata, sai ya fara barin mahaɗinsa, kuma wannan mataki ne da mutane ba su cika tunawa da shi ba. Idan mahaɗi yana narkar da magani fiye da kima, yakan riƙe shi ya hana shi fita, idan kuma ba ya narkar da shi ko kaɗan, babu abin da zai motsa, domin narkakken kaso ne kawai ke iya tafiya. Farafin yana narkar da ɗan kaɗan ne daga irin wannan sitiroyid, sauran yana baje a cikinsa a matsayin gari mai laushi ƙwarai, kuma duk lokacin da narkakken ya wuce zuwa fata, sai wani kaso na garin ya narke ya maye gurbinsa. Masanin harhaɗa magunguna Takeru Higuchi ya bayyana lissafin wannan a 1961, inda ya nuna cewa sakin magani daga irin wannan man yana farawa da sauri sannan ya riƙa raguwa, ta yadda idan ana son adadin da ya fita ya ninka sau 2, sai lokacin ya ninka sau 4. Bayan haka, a 1963, wani mai bincike mai suna Vickers ya nuna cewa rufin saman fata yana ajiye wani kaso na sitiroyid ya riƙa sakinsa a hankali har tsawon kwanaki. Darasin da ke cikin wannan ga mai amfani da Betnovate a fili yake: laftawa da kauri ba ta ƙara saurin warkewa, domin maganin da ke can saman tulin bai ma kai ga fata ba kafin tufafi su goge shi, kuma shafawa sau 1 ko sau 2 a rana, kamar yadda takardar cikin kwalin ta ce, ta wadatar.

Ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne wanda likitocin fata Long da Finlay suka gabatar a 1991. Idan aka matso maganin daga kan yatsa manuniya zuwa gaɓarta ta farko, a hannun babban mutum, an samu kimanin rabin giram, kuma wannan ya isa ya rufe wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Da wannan lissafi, bututu mai giram 30 yana ɗauke da kusan irin wannan awo 60, wanda ke nufin mai ciwo a ɗan ƙaramin wuri bai kamata ya ga bututunsa ya ƙare cikin mako guda ba. A nan sai na yaba wa mai maiƙon ta fuskar tattali, domin yana da santsi kuma yana bazuwa, ɗan kaɗan yana kai wa nesa, alhali kirim yana nutsewa da wuri har ya ja hankalin mutum ya ƙara.

Sai dai yana da nasa wahalhalun, kuma ba zan rage musu nauyi ba. Yana da danƙo, yana barin tabon mai a hannun riga da zanen gado, ƙurar hunturu tana manne masa, kuma mai aikin takardu ko ɗinki ba zai ji daɗin yini da shi a hannu ba. Ruwa ma yana zamewa a kansa, don haka ga mai alwala sau da yawa a yini, lokacin da ya fi dacewa da shi shi ne bayan sallar isha'i, inda zai samu dare guda cur yana aiki ba tare da an wanke shi ba. Idan likita ya ce a shafa sau biyu, ana iya neman shawararsa a kan yin amfani da kirim da hantsi, mai maiƙon kuma da dare. Da zafi ya shigo, daga Maris zuwa Mayu, lissafin yakan juya gaba ɗaya: toshewar da ke da amfani a sanyi takan tare gumi, ta tayar da ƙuraje a bakin gashi, ta ƙara ƙaiƙayi. Haka kuma ciwon da ke tsattsafo da ruwa, da wurare masu lanƙwasa irin su hammata da matsematsi da ƙarƙashin mama, waɗanda dama a rufe suke kuma da danshi, kirim ne ya dace da su. Ga fatar kai mai gashi kuwa, akwai nau'in ruwa da aka yi mata musamman, wanda ke bushewa ba tare da ya cuɗe gashi ba.

Akwai wani haɗari da ya shafe mu kai tsaye, wanda ban taɓa jin mai sayar da magani ya ambata ba. Farafin da ya jiƙa tufafi ko bargo ya bushe a ciki yana sa yadin ya kama wuta da sauri, har hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sabunta gargaɗi a kan haka a 2018 game da mayukan shafawa baki ɗaya. A gidajenmu lokacin da aka fi shafa irin wannan mai shi ne lokacin da ake shigar da kaskon garwashi ɗaki ana jin ɗumi, mata kuma suna tsugune gaban murhu da mayafi. Wanda ke shafa shi a wuri mai faɗi ya kamata ya riƙa wanke tufafinsa da zanen gadonsa a kai a kai, ya kuma nisanci harshen wuta.

Abin da ya fi damuna shi ne, siffar da ta sa mai maiƙon ya yi kyau ita ce kuma ke sa ya yi ɓarna idan ya sauka inda bai dace ba, domin fata ba ɗaya ba ce a duk jiki. Masu bincike Feldmann da Maibach sun auna shigar hydrocortisone a sassa daban-daban a 1967, suka ɗauki cikin hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, a matsayin ma'auni 1, wanda ake kwatanta sauran sassa da shi. Tafin ƙafa ya ba da 0.14 kacal, goshi ya ba da 6, gefen muƙamuƙi 13, fatar maraina kuwa 42. Ke nan abin da zai yi daidai a ƙwauri ya yi yawa ƙwarai a fuska, shi ya sa takardar maganin ta taƙaita shafa shi a fuska zuwa kwana 5, ta ce kada babba ya wuce mako 4 yana shafawa ba tare da likita ya sake dubawa ba, ta kuma hana shi ga jaririn da bai kai shekara 1 ba. Jariri yana da fata mai faɗi idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, kuma ƙunzugun roba yana rufe wuri kamar yadda leda za ta rufe shi, wanda hakan na iya ninka shigar magani sau da yawa, har ya kai jini ya danne aikin ƙullin da ke saman ƙoda mai samar da cortisol, wato sitiroyid ɗin da jiki ke yi da kansa. Ina roƙon iyaye mata da kakanni da kada su ɗauki ragowar Betnovate na babba su shafa wa jariri don ƙurajen ƙunzugu, komai ƙanƙantar abin da za a shafa.

Daga nan ne batun bilicin ya shigo, domin koɗewar da McKenzie da Stoughton suka mayar ma'aunin gwaji ita ce wasu ke nema da gangan. Sitiroyid mai ƙarfi yana tsuke jijiyoyin jini, yana kuma rage aikin ƙwayoyin da ke samar da launin fata, sai mutum ya ga ya yi haske cikin ɗan lokaci. Abin da ke biyo baya shi ne fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito wadda ba ta gogewa, ƙuraje su cika fuska, rauni ya riƙa jinkirin warkewa, kuma idan aka daɗe ana shafe jiki duka, yana iya kai wa ga hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya a 2023, kuma mayukan sitiroyid suna cikin abubuwan da ake zubawa a haɗe-haɗen da ake sayarwa a robobi marasa suna. Wata ɓarnar kuma tana faruwa da mai makero da ya shafa Betnovate: ƙaiƙayi zai kwanta, jan da'irar ta dusashe, amma naman gwarin da ke haddasa cutar zai samu sarari ya bazu, har likita ya sha wahalar gane shi daga baya. Nau'o'in Betnovate-N mai neomycin da Betnovate-C mai clioquinol, wato waɗanda aka ƙara wa maganin kashe ƙwayoyin cuta, an yi su ne don kircin da ƙwayoyin cuta suka shiga, kuma bai kamata a saye su a madadin na zalla ba don kawai su ne a kusa.

Ko wanda ke da niyya mai kyau, wanda ke matse bututun cikin kwalbar basilin ko man kaɗanya ko man shafawarsa na yau da kullum don ya auku ko ya rage masa ƙarfi, yana rushe aikin da aka yi da lissafi. Ba ya iya gauraya shi daidai da hannu, don haka wani lakuce zai zo da magani mai yawa, wani ya zo babu komai. Ƙari a kan haka, betamethasone valerate ba ya jure kowane mahaɗi: a cikin wanda bai dace da shi ba, ɓangaren valerate yakan ƙaura daga wurinsa zuwa wani wuri a jikin ƙwayar sinadarin, sabon abin da ya samu kuma ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na asali. Saboda irin wannan matsala ce kamfanin da kansa ya yi nau'in Betnovate RD mai kashi 0.025 cikin ɗari, wanda aka sirka tun daga masana'anta. Hanyar da ta dace ita ce a shafa man laushin fata daban, maganin daban, a bar kimanin minti 30 tsakaninsu, kuma maganin ya tsaya a kan wurin ciwo kaɗai.

Game da samuwa da farashi, tun da kamfanin GlaxoSmithKline, magajin Glaxo, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Najeriya ya koma sayarwa ta hannun dillalai, kayansa da dama sun yi tsada, kuma mutane da yawa sun koma ga betamethasone valerate na wasu kamfanoni. Ban ga laifin hakan ba, matuƙar akwai lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwalin, kuma an saya a kantin magani mai rajista. Sai dai ya kamata a sani cewa daidaituwar suna da kaso ba ta tabbatar da daidaituwar aiki, domin Stoughton ya nuna a 1987 cewa wasu mayukan sitiroyid na kamfanoni daban-daban, masu magani ɗaya da kaso ɗaya, sun bambanta a gwajin koɗewar fata, kuma daga baya hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki wannan gwaji, a 1995, a matsayin hanyar tabbatar da cewa sabon kwafi ya yi daidai da na asali. Saboda haka wanda ya sauya kamfani ya ga aikin ya canza, ya koma wa likita da kwalin a hannunsa maimakon ya ƙara yawan abin da yake shafawa. Ajiya ma tana da nata tasirin a ƙasa mai zafi irin tamu: bututun da ya yini a cikin mota ko a shagon kwano a watan Afrilu yakan narke, idan aka buɗe sai ruwan mai ya riga fitowa, alamar cewa mahaɗin ya rabu kuma maganin bai bazu daidai a cikinsa ba, kuma irin wannan bututu gara a mayar da shi a karɓi wani.